Rabin Aski

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani mai aski da ake kira Rediyo. Ba wai yana da rediyo a shago ba ne, a'a, shi ne dai ba a kashe shi. Da ka zauna ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, to ka kama tasha ke nan, sai ranar da batir ya ƙare, kuma ba a taɓa jin nasa ya ƙare ba. Hannu kam yana da shi, wannan ko maƙiyinsa ba ya ja. Kujerar da yake aiki a kanta ta ƙarfe ce mai juyawa, marigayi mahaifinsa ya bar masa ita tare da aska da tsohuwar fatar wasa ta. Da kujerar nan aka ciyar da shi, da ita yake ciyar da nasa 'ya'yan.

A tsallaken titi akwai wani sabon mai aski da ake ce wa Shiru, mai kujerar roba ɗaya da madubi mai tsaga. Shi wannan ko gaisuwa da ka yake amsawa. Rediyo kan leƙa shi ya taɓe baki ya ce, "Aski babu hira ai yankan ciyawa ne."

Ana nan ana nan, sai aljanin rubutu ya shafi Rediyo. Ya wayi gari da labari a ka. Wai nan gaba can, wata muguwar gwamnati za ta mallake inuwa. Ta bishiya, ta gini, ta rumfa, duk ta zama ta hukuma. Wanda ya raɓa inuwa babu takardar izini a kama shi. Talakawa na soyuwa a rana, manya na kwance cikin sanyi. Sai wani jarumi ya taso, dogo, mai faɗin ƙirji, mai zurfin tunani, wanda sana'arsa, ku ji fa, aski. Bai rubuta ko shafi ɗaya ba, amma tuni ya je an ɗauke shi hoton da za a manna a bayan littafi, ya dafe haɓa yana hangen nesa.

Ra'ayin jama'a kuwa kullum yana samu, kuma duk iri ɗaya. Ga yadda abin yake. Kilifa, wato injin aski, ƙara gare ta, in tana aiki shi kaɗai ke magana. Sai ya kashe ta, ya shafa wa mutum kumfa, ya tura kansa baya, ya ɗora aska a maƙogwaro don gyaran gemu, a nan ne shago ke yin tsit har a ji amsa. To a nan yake sunkuyowa ya ce, "Tsakaninka da Allah, ya ka ji labarin?"

"Madalla," in ji mutum, da siririyar murya, ba tare da ya motsa wuya ba.

Ba da mugunta Rediyo ke yi ba. Shi dai bai taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Rannan da yamma ya dawo gida ya tarar da matarsa na ninke wanki a bakin gado. Ya tsaya a ƙofa ya gyara murya.

"Maman yara, na yanke shawara. Zan sayar da kujera in rufe shago in zauna in rubuta littafina. Basira irin tawa ba a ƙeyar mutane ya kamata ta ƙare ba."

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Kujerar Baba?"

"Kujera ai ƙarfe ce. Duk wanda ya ji labarin nan cewa yake bai taɓa jin irinsa ba."

"Maigida, su masu yabon nan, a ina suke zaune lokacin da suke yabon?"

"A kujera mana."

"Me ke hannunka?"

"Kayan aiki."

"To wallahi ko ni ka ɗora wa aska a wuya ka ce akuya ta fi doki gudu, zan ce har jirgi ta fi."

Ransa ya ɓaci, ya ce ai dama annabi ba ya daraja a gidansu. Ta ce ya bar annabawa su huta. Tsoro ne ya kama ta, don ta san mijinta in ya sa abu a gaba ko bango ne sai ya tunkuya, kuma kujerar nan ita ce tukunyarsu. Sai ta ce, "Mu yi haka. Ka kawo mini mutum ɗaya tak da zai yabi labarin nan a gabana babu aska a wuyansa. In ka kawo, ka sayar, ba zan ce uffan ba. In ba ka kawo ba, ka bar mana abincinmu inda Baba ya ajiye shi."

Rediyo ya bushe da dariya. "Mutum ɗaya? Ki tanadi wurin zama, gari guda zan kawo miki."

Washegari ya fara da maƙwabcinsa tela. Ya shiga ya ture yadin mutane ya zauna a kan teburin yanka, ya ɗauko labari daga tushe. Tela bai daina taka keke ba, sai da ya kai ƙarshen ɗinki ya ciji zare ya ce, "To da dare fa?"

"Da dare me?"

"Dare ai duk inuwa ne. Kowa da kowa za a kwashe?"

Rediyo bai taɓa kai tunani nan ba. Ya yi tari ya ce, "Da dare gwamnati na kunna fitilu ko'ina."

"Kowane dare? Ba ɗaukewa?"

"Ba ɗaukewa."

"Kai! Wannan ita ce muguwar gwamnatin? Don Allah a ina ake yankar tikitin zuwa ƙasar? Ni da kekena za mu tafi." Ya nuna rumfar da ke ƙofar shagonsa da almakashi. "Maganar inuwa kuwa, tun bara mai gidan hayar nan ya sa wa rumfar can nata kuɗin daban. Labarin gaba ka ce kana rubutawa, ko na bara?"

"Za ka zo dai ka faɗa wa maman yara ya yi kyau?"

Tela ya ce kash, ga ɗinkin gaggawa. Ya sunkuya ya taka keke da ƙarfi har maganar Rediyo ta nutse a cikin ƙara.

Rediyo ya fito yana ƙunƙuni. Mutumin da duk rayuwarsa layin alli yake bi, ina zai gane fasaha? Masu ilimi ya kamata ya nema. Ya nufi gidan wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, ya same shi a baranda yana karanta jarida. Malam ya saurara, ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Inuwar mutum ta kansa fa, ita ma ta gwamnati ce?"

"Ita ma!"

"To in na tsaya a inuwar matata, wa za a kama, ni ko ita?"

"Ku duka."

"Haka ne. Shi jarumin me yake so?"

"Ya ceci al'umma."

"Da me?"

"Da basira."

"Sai kuma me?"

"Sai a ɗaga shi sama ana tafi."

"Tsakanin farkon labari da ɗagawa sama, me ya faru?"

"Abubuwa, Malam. Manyan abubuwa."

"Kawo shafukan in duba maka."

Rediyo ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Duk suna nan."

Malam ya ce to ya riƙa sa hula kada su bushe. Sannan ya tuna lokacin shan maganinsa ya yi, ya shige ciki ya ja ƙofa, har jaridar ya bari a kujera.

Da na gida suka gagara, Rediyo ya ce bari ya gwada baƙin ido. Ya je gindin wata bishiya a bakin tasha inda mata ke sayar da lemo da ayaba, ya tsaya a kansu, hannu a baya, ya buɗe da jimlar da ya fi ji da ita: "Daga yau, duk wanda ya zauna a inuwa sai ya nuna takarda!" Bai kai ga cewa labari ne ba. Wata dattijuwa ta miƙe tana gyara ɗaurin zani.

"Kai kuma daga wane ofishin? Jiya na shara, shekaranjiya na tebur, yau kuma na inuwa? Ku zo, ga wani sabon ɓarawon!"

Ruɓaɓɓen lemo na farko a kafaɗa ya same shi, na biyu a kunne. Ya kwasa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan kuma wata ta bi shi da shi ta jefa masa a gadon baya.

Da wani ne ya sha wannan, da ya haƙura. Rediyo kuwa zama ya yi a shago yana goge kunne, sai ga hikima ta sauko masa. Ya gano matsalar! Ba aska ce ke sa mutane yabo ba, zama ne. A kujera suna jin labari har ƙarshe, shi ya sa yake ratsa su. A waje kuwa tsakiya suke tserewa, wannan ɗinki, wancan magani. Abin da ake bukata shi ne a zaunar da mutum yadda ba zai iya tashi ba, kuma babu aska a wuyansa. Ya dubi kilifa, ya yi murmushi, ya ce lallai shi ɗin ba ƙaramin kai gare shi ba.

Ya samo kwali ya rubuta cewa gobe aski kyauta ne, ya rataya a ƙofa. Mutanen layi suka manta banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun hantsi benci ya cika. Ga tela, ga Malam, ga wani ƙaton direban babbar mota da ya bar kaya a tasha ya ce bari ya yi sauri, ga wasu na unguwa. Har Baffa ya zo, ƙanen mahaifin Rediyo, tsoho mai sanda da kaifin harshe, wanda tun zamanin yayansa a kujerar nan yake aski.

Rediyo ya kama aiki da fara'a. Ya zaunar da tela, ya kwashe masa gashin ɓarin dama tas, daga goshi har ƙeya, ya sauke rabin gemu, ya shafa kumfa a ɗaya ɓarin, ya ce, "Koma benci kumfar ta jiƙa, sabon salo ne." Haka ya yi wa Malam, haka direba, haka kowa. Baffa har rabin gashin baki ya rasa. Da ya gama da na ƙarshe sai ya aika aka kira matarsa, ya ba ta kujerar tsugunno a lungu. Ya tattara duk wata aska ya zuba a durowa a gaban idonta.

"Maman yara, ki shaida. Babu aska a wuyan kowa."

Ta dubi jerin kawunan da ke benci, ta dafe ƙirji. "Na shiga uku. Maigida, me ka yi wa bayin Allah?" Amma ta miƙe ta murɗa makullin durowar ta damƙe shi a hannu.

"Jama'a," in ji Rediyo, ya hau matakin kujera, "za a ƙarasa wa kowa askinsa. Amma tukuna ku ji labari, daga farko har ƙarshe."

Direba ya zabura. "Kai, mota na bari da kaya!" Ya nufi ƙofa, idonsa ya faɗa madubi, ya tsaya cak. Ya leƙa titi, ya ga mutane na kai da kawo, ya dawo ya zauna yana huci.

Aka fara. Rediyo ya kashe fanka wai tana cinye masa murya. Ya yi muryar shugaban mugaye, ya yi ta 'yan sandan inuwa, ya yi ta jarumi, wadda dai tasa ce ya ƙara mata kauri. Ya sa jarumi ya yi jawabi a kasuwa, ya sake wani a kurkuku, ya kuma yi wani a kan rufin mota. Kumfa ta bushe a fuskoki ta fara tsagewa, ƙaiƙayi ya taso, gumi na gangarowa ta ɓarin da babu gashi. Masu wucewa suka fara taruwa a taga, wannan ya kira wancan, ana nuni ana riƙe ciki. Rana ta take tsaka ta karkata, sannan aka ɗaga jarumi sama ana tafi, kuma Rediyo ne ya yi tafin da kansa.

Ya sauko yana share goshi. Aski ya zo gaban goshi. "To jama'a, tsakaninku da Allah, ya kuka ji?"

Duk idanu suka koma kan durowa.

Matar ta ɗaga makulli. "Ku faɗi gaskiya, ga shi a hannuna."

Baffa ya buga sanda a ƙasa. "Ni zan fara. Ɗana, na yi jinya a asibiti, na yi zaman jiran mota a ruwan sama, na taɓa kwana da ciwon haƙori. Wallahi duk sun fi labarin nan saurin wucewa. Ubanka ya bar maka hannu, bai bar maka littafi ba."

Kamar an fasa madatsar ruwa. Direba ya ce shi gwamnatin yake goyon baya, da ta kama jarumin nan tun farko da kowa ya huta. Tela ya ce jarumin da bai yi komai ba sai jawabi, ai shi ne zai zama muguwar gwamnati ta gaba. Wani daga ƙarshen benci ya ce shi ya yarda a karɓe masa inuwa har abada, a dai mayar masa da yininsa.

Rediyo ya juya ga Malam. "Malam, kai fa? Ran nan a kujerar nan har hawaye ka yi!"

"Sabulu ne ya shiga mini ido, kuma na ji tsoron ɗaga hannu in goge." Malam ya ɓanɓare busasshiyar kumfa daga kunci. "Amma kada ka karaya gaba ɗaya. Ƙasar da ake tsare mutane a ɗaki mai zafi, a hana su tafiya sai sun yabi mai mulki, wannan kam ka iya ta. Yau mun ziyarce ta."

'Yan taga suka kwashe da dariya har wani ya faɗa kwata.

Saura mutum ɗaya, wani mai gadi da ke lungu wanda tun ɗazu yake gyaɗa kai. Rediyo ya yi tsalle ya nuna shi. "Ga nawa! Maman yara, kin ga wannan, tun farko yake gyaɗa kai!" Ya girgiza masa kafaɗa. "Ɗan'uwa, faɗa musu, ya ka ji labarin?"

Mai gadi ya buɗe jajayen idanu ya goge yawu. "Wane labari?"

An ce wanzami ba ya son jarfa. Rediyo, wanda ya shekara yana yanka wa mutane kunne da surutu, yau an ɗan taɓa nasa sai ga shi yana tsuma. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya karɓi makulli daga hannun matarsa, ya buɗe durowa, ya zaro askar mahaifinsa, ya kama fata ya shiga wasawa, fiu, fiu, fiu. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Na ji. Na gode. Kowa ya faɗi abin da ke ransa." Ya gwada kaifin a farce. "To wa zai fara zuwa in ƙarasa masa?"

Babu wanda ya motsa. Tela ya shafa maƙogwaronsa.

"Malam, bismilla, kai ne babba."

"Haba, ina ni ina shiga gaban Baffa?"

Baffa ya dubi askar, ya dubi hannun da ke riƙe da ita. "Ni na fi kowa faɗa, kuma na san zuciyar gidanmu." Ya dogara sanda ya miƙe, ya ratsa 'yan kallo, ya tsallaka titi da rabin gashin baki, kai tsaye sai shagon Shiru. Direba ya bi shi, tela ya bi direba yana rufe kai da ƙyallen aski, Malam ya bi su cikin natsuwa kamar mai zuwa taro. Layi guda na rabin kawuna ya tsayar da motoci. Masu shaguna suka fito, mata suka leƙo ta bene, har dattijuwar nan mai lemo ta iso, ta hango Rediyo a cikin shago, tana tafa hannu tana cewa, "Au, ashe shi ne na ofishin inuwa!"

"Ku dawo!" Rediyo ya fito ƙofa yana ɗaga hannu, ya manta askar na ciki. "Wallahi ba abin da zan yi muku!" Na bayan layi suka ƙara sauri.

Matarsa ta ci gardama, amma ba ta yi murna ba. Kwanaki suka wuce babu wanda ya leƙo shagon. Duk wanda ya faɗi gaskiya a ranar ba ya iya kawo wuyansa, wanda bai faɗa ba kuma ya ji labari. Rediyo ya share shago, ya goge madubi, ya rantse a bakin ƙofa cewa ya bar maganar littafi har abada. Mutane suka ce Allah ya sa, suka tsallaka titi. A gida tukunya ta fara sauka da wuri, matar ta daina yi masa gori, abin da ya fi gorin ciwo ke nan.

Wata safiya inuwar mutum ta tare ƙofa. Rediyo ya zabura ya ɗauko ƙyalle yana kakkaɓewa. Ashe Shiru ne. Kujerarsa ta roba ta karye saboda yawan jama'a. Ya nuna ta ƙarfen da haɓa, ya yi maganar da ba a taɓa jin ya yi mai tsawonta ba.

"Na ji ana sayarwa."

Rediyo ya ajiye ƙyallen, ya dubi kujerar mahaifinsa, ya gyaɗa kai. Su biyu suka kama ta, shi ta baya Shiru ta gaba, suka tsallaka da ita a idon duk 'yan layi. Suna direwa Baffa, wanda ke kan gaba a masu jira, ya jingine sanda ya hau ya zauna. Shiru ya shafa masa kumfa, ya tura kansa baya, ya ɗora aska.

Rediyo na tsaye a ƙofa yana kallo. Tsohon ya miƙe wuya, ya saki kafaɗu, ya lumshe ido. Shekara da shekaru yana yi wa Baffa aski a kujerar nan, bai taɓa ganin ya rufe ido a cikinta ba sai yau.